Piyano da Waƙoƙin Ƙauye: Tarke a kan Jan Johansson da Aikinsa

Gabatarwa

A shekarar 1964 wani kamfanin fayafayai na ƙasar Suwidin mai suna Megafon ya fitar da wani faifai mai ɗauke da kiɗa 12. Babu muryar mawaƙi a cikinsa, babu ganga, sai piyano da babban gogen nan na Turai da ake tsayarwa a ƙasa ana tsinkar tsirkiyarsa da yatsa, wato kwantirabas. Sunan faifan Jazz på svenska, ma'ana "jaz da harshen Suwidin". Mutum biyu ne kawai suka yi kiɗan: Jan Johansson a kan piyano, Georg Riedel a kan kwantirabas. An sayar da fiye da kwafi 250,000, kuma a tarihin jaz na wannan ƙasa babu faifan da ya kai shi shiga gidajen mutane.

Wannan maƙala za ta bi rayuwar Jan Johansson a taƙaice, sannan ta tsaya a kan wata tambaya da ta shafi duk wanda ke hidimar al'adu: idan makaɗi ya ɗauko tsofaffin waƙoƙin ƙauye ya zuba su a cikin kayan kiɗan da ba don su aka ƙera ba, me ya ceto, me kuma ya zube a hanya? Yabon da ake yi wa faifan ya yi yawa har ya kan hana a yi wannan tambaya, alhali kuwa darajar aikin ba ta fitowa sosai sai an yi ta.

Ɗan Söderhamn

An haifi Jan Johansson ranar 16 ga Satumba 1931 a Söderhamn, wani ƙaramin gari na bakin teku a lardin Hälsingland, yankin da ya yi suna da masu goge na gargajiya. Ya fara da koyon piyano irin na makaranta tun yana yaro, ya kuma iya gita da akordiyon da ogan, kafin jaz ya ja hankalinsa lokacin samartaka. Ya tafi birnin Gotenbag don karatun injiniyan lantarki a makarantar Chalmers, yana karatu da rana yana kiɗa da dare, har dai kiɗan ya rinjayi karatun ya ajiye shi.

Ya kamata mai karatu ya san irin ƙasar da wannan saurayi ya taso a ciki. Jaz kiɗa ne na baƙaƙen fatar Amurka, jikokin mutanen da aka kwashe daga Afirka, amma ya sami gida a Suwidin tun da wuri. Louis Armstrong ya yi wasa a Sitokholm a 1933, Charlie Parker ya zagaya ƙasar a 1950. Da yake Suwidin ba ta shiga yaƙin duniya na biyu ba, gidajen rawarta da ɗakunan ɗaukar sautinta ba su rushe ba, sai makaɗan Amurka suka riƙa zuwa, wasu ma suka zauna a yankin. Ɗaya daga cikinsu shi ne Stan Getz, mai busa saksofon, wanda ya zauna a Danmak a ƙarshen shekarun 1950. Johansson ya yi aiki da shi a wannan lokaci, kuma ta wannan hanya ya shiga tawagar Jazz at the Philharmonic ta Norman Granz, inda ake ambatonsa a matsayin ɗan nahiyar Turai na farko da aka gayyata cikinta.

Wannan yana da muhimmanci ga hukuncin da za mu yanke a gaba. Johansson bai koma ga waƙoƙin ƙauye don jaz na Amurka ya gagare shi ba. Ya iya shi har masu abin sun yarda da shi. Faifansa 8 bitar Johansson na 1961 ya ci kyautar Gyllene skivan da mujallar Orkesterjournalen ke bayarwa ga faifan jaz mafi kyau na shekara. A farkon shekarun 1960 ya koma Sitokholm ya shiga ƙungiyar Arne Domnérus, a nan ne kuma abotarsa da Georg Riedel ta ƙullu.

Waƙoƙin da suka yi shiru a cikin littafi

A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, masana a Suwidin sun ji tsoron cewa kiɗan ƙauye zai mutu tare da tsofaffin da ke yin sa. A 1906 mai zane Anders Zorn ya shirya gasar masu goge da masu busa ƙaho a Gesunda, cikin lardin Dalarna. A 1908 aka kafa wani kwamiti na tattara kiɗan gargajiya. Wani masanin shari'a, Nils Andersson, ya bi ƙauyuka yana sauraren masu goge yana rubuta abin da suke kaɗawa da alamomin rubutun kiɗa. Bayan rasuwarsa a 1921 Olof Andersson ya ci gaba da aikin, har aka buga shi da sunan Svenska låtar, juzu'i 24, tsakanin 1922 da 1940, da karin kiɗa wajen 8,000 a ciki.

Babban aiki ne, sai dai kiɗan da ke kwance a takarda kamar iri ne a cikin rumbu: yana nan, amma ba ya ciyar da kowa sai an shuka shi. A farkon shekarun 1960 mutanen Suwidin suna barin ƙauyuka suna kwarara birane neman aikin masana'antu, har gwamnati ta tsara gina gidaje miliyan 1 tsakanin 1965 da 1974. Samari sun karkata ga kiɗan Ingila da Amurka, Beatles ma sun zagaya ƙasar a 1963. Goge da rawar ƙauye sun zama kayan tsofaffi da na ranar biki. A wannan hali ne Johansson ya buɗe Svenska låtar ya fara zaɓe.

Ba shi ne farkon wanda ya haɗa jaz da karin gida ba. A 1951 Stan Getz ya ɗauki wata tsohuwar waƙar lardin Värmland a Sitokholm tare da Bengt Hallberg a kan piyano, waƙar da duniyar jaz ta sani da sunan "Dear Old Stockholm", wadda Miles Davis ma ya kaɗa daga baya. Lars Gullin kuwa ya tsara kiɗansa na kansa mai ƙamshin waƙoƙin makiyaya. Bambancin Johansson yana ga matsayin da ya ba waƙar. A wurin waɗanda suka gabace shi, karin gargajiya ƙofa ce da ake shiga ta cikinta a tafi yawon ƙirƙira irin na jaz. Shi kuwa ya zaunar da waƙar a tsakar gida, ya mai da jaz mai yi mata hidima.

Abin da kunne ke ji

An ɗauki kiɗan tsakanin 1962 da 1964, aka fara sakin wasu a ƙananan fayafayai kafin a haɗa su wuri guda. Duk faifan bai kai minti 40 ba. Kiɗa na farko, "Visa från Utanmyra", shi ne wanda aka fi sani. Utanmyra ƙauye ne a tsibirin Sollerön cikin tafkin Siljan. Wanda ya saurare shi zai lura cewa hannun dama yana faɗin karin waƙar a fili, sauti bayan sauti, kamar mai karanta wasiƙa ga wanda bai iya karatu ba. Hannun hagu ba ya cika wuri, ɗan taɓi ne nan da can. Riedel yana tafiya a ƙarƙashi da taku mai nauyi, wani lokaci yana amsa wa piyano, wani lokaci yana barin sa shi kaɗai. Idan lokacin ƙirƙira ya zo, Johansson ba ya nisa da gida: zai ɗan karkatar da jimla, ya jinkirta wani sauti, ya sanya wani amo mai ɗaci irin na bulus, sannan ya dawo.

A nan gwanintar take. Makaɗin da ya yi zama da Getz yana da gudun yatsu da zai iya cika kowane gurbi, amma ya bar guraben a buɗe. Rashin ganga ma zaɓi ne mai dalili. Da an sa ganga irin ta jaz, da ta tilasta wa waƙoƙin takun da ba nasu ba, domin da yawa cikinsu polska ne, rawa mai bugu uku wadda bugunta ba su cika yin daidai da juna a tsawo ba. Da ya cire ganga sai numfashin waƙar ya zama shi ne ma'auni.

Har ila yau akwai wata dangantaka da kunnensa ya gano. Yawancin waɗannan waƙoƙi suna tafiya a kan tsanin sauti mai ɗan duhu, kuma a daidai wannan lokaci jaz na Amurka yana gwada kiɗa a kan tsani ɗaya maimakon yawan sauye-sauyen jituwar sautuka, kamar yadda aka ji a faifan Kind of Blue na Miles Davis a 1959. Johansson ya ga cewa tsohuwar waƙar makiyaya da sabon salon jaz suna iya shan ruwa a rijiya ɗaya. A "Vallåt från Jämtland", wadda asalinta kiran dabbobi ne irin wanda mata makiyaya ke yi a dazukan rani, piyano yana ƙara yana mutuwa cikin sarari kamar kiran da ke dawowa daga bayan tudu. A "Emigrantvisa", waƙar masu ƙaura, ya taɓa wani tsohon miki na ƙasar, domin fiye da mutum miliyan 1 sun bar Suwidin zuwa Amurka tsakanin tsakiyar ƙarni na 19 da shekarun 1920. Waƙar waɗanda suka tafi Amurka ce ake kaɗawa da salon da ya zo daga Amurka, kuma bai buƙaci ya ja hankalin kowa ga wannan ba.

Abu na ƙarshe da ya cancanci yabo yana cikin sunayen kiɗan. Kusan kowanne yana ɗauke da sunan wurin da ya fito, Rättvik, Leksand, Älvdalen, Medelpad, ko sunan mai gogen da aka ji shi a wurinsa, kamar "Polska efter Höök Olle". Kalmar efter al'ada ce ta masu gogen Suwidin, tana nufin "kamar yadda aka karɓa daga wane". Johansson ya riƙe wannan salsala a bangon faifansa, bai shafe ta ya rubuta sunansa shi kaɗai ba.

Abin da ya zube a hanya

To amma piyano ba goge ba ne. Maɓallansa a ƙayyade suke, an raba tsanin sauti gida 12 daidai wa daida, babu abin da ke tsakanin wannan maɓalli da na kusa da shi. Mai goge kuwa, na Dalarna ne ko na Tawa, yatsansa yana zamewa a kan tsirkiya yana sauka inda kunnensa ya so, kuma tsofaffin masu gogen Suwidin an san su da sautuka masu shawagi tsakanin maɓalli biyu. Waɗannan sautuka sun fara ɓacewa tun ranar da aka rubuta waƙoƙin a takarda, piyano kuma ya ƙarasa su. Abin da muke ji a faifan ya bi ta mataci biyu, alƙalamin mai tattarawa da maɓallan piyano, kuma kowane mataci ya riƙe wani abu.

Hasara ta biyu ta fi wannan girma. Da yawa cikin waɗannan waƙoƙi suna da aikin yi a rayuwar mutane. Akwai na raka amarya, akwai na lokacin miƙa kyauta a wurin biki, akwai na tafiya a jere, akwai na rawa har gari ya waye. Johansson ya raba su da ƙafafun masu rawa da hayaniyar taro, ya mai da su abin saurare a ɗaki, mutum shi kaɗai da tunaninsa. Ya rage musu gudu, ya lulluɓe su da natsuwa mai kama da kewa. Sakamakon yana da daɗi ƙwarai, sai dai ya sa masu saurare da yawa, a ciki da wajen ƙasar, sun ɗauka cewa kiɗan gargajiyar Suwidin duka baƙin ciki ne mai sanyi. Mai gogen da ke kaɗa wa ƴan rawa a rumfar biki yana da zafi da kaushi da barkwanci waɗanda ba su cika fitowa a wannan faifai ba. Ana iya cewa Johansson ya ba sababbin mazauna birni ƙauyen da suke son tunawa, wanda babu wahalar noma da sanyin hunturu a cikinsa.

Shin wannan ya rushe darajar aikin? A ganina bai rushe ta ba, saboda dalili biyu. Na farko, Johansson bai taɓa gabatar da kansa a matsayin mai gogen gargajiya ba. Kalmar farko a sunan faifan ita ce jaz, kuma ya cika alkawarin da sunan ya ɗauka. Na biyu, a shekarun 1970 samarin Suwidin sun koma neman tsofaffin masu goge suna koyo daga bakinsu da hannunsu, suna dawo da sautukan nan masu shawagi da rawar polska kanta. Wannan farfaɗowa tana da dalilai da yawa, amma faifan Johansson yana cikin abubuwan da suka buɗe kunnuwan ƴan birni ga waƙoƙin da suka daina ji. Wanda ya fara da piyano yana iya ƙarewa a gaban mai goge.

Inuwar faifai ɗaya

Zaluncin da nasara ta yi wa Johansson shi ne ta rufe sauran aikinsa. A 1964 ya fitar da Jazz på ungerska, a kan waƙoƙin Hangari, tare da Svend Asmussen, mai goge ɗan Danmak. A 1967 ya fitar da Jazz på ryska, a kan waƙoƙin Rasha, da ƙarin masu busa da mai ganga. Dukansu aiki ne na gwani, amma a kunnena ba su kai na farko zurfi ba. A waƙoƙin Suwidin yana magana ne a cikin gidansu, ya san abin da zai iya yin shiru a kansa. A na Rasha akwai waƙoƙin da duniya ta riga ta sani, sai aikin ya ɗan karkata ga ado, kuma Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Duk da haka faifan yana nuna wani ɓangare nasa da na farko ya ɓoye, wato iya tsara kiɗa ga kayan busa da son wasa da dariya.

Ya yi wa gidan rediyon ƙasar aiki mai yawa, ya rubuta wa ƙungiyar Radiojazzgruppen kiɗa, ya raka mawaƙa, ya yi kiɗan talabijin da na yara. Shi ne ya tsara karin waƙar buɗe shirin Pippi Långstrump, yarinyar nan ta littafin Astrid Lindgren da masu karatun Faransanci suka sani da sunan Fifi Brindacier. Ba kowane yaron da ya rera wannan waƙa ya san cewa mai Jazz på svenska ne ya yi ta ba. A gefe guda kuma yana gwaje-gwajen da suka yi nesa da daɗin kunne. Sitokholm ta lokacinsa gari ne da Albert Ayler ya yi ɗaukarsa ta farko a 1962, Ornette Coleman kuma ya yi wasa a gidan Gyllene Cirkeln a 1965, kuma Johansson bai toshe kunnensa ga wannan sabon jaz marar linzami ba. Faifan 300.000, wanda ya fito bayan rasuwarsa da suna mai nuni ga gudun haske, yana nuna tsohon ɗalibin injiniya mai son auna sauti da wargaza shi. Wanda ya san shi ta waƙar Utanmyra kaɗai zai yi mamakin cewa mutum ɗaya ne.

Ana yawan zargin mai sana'a da yawa da cewa taura biyu ba ta taunuwa. A wurin Johansson zargin bai zauna ba, domin hali ɗaya ne ke bin duk ayyukan: yana duba abin da ke gabansa, waƙar yara ce ko ta makiyaya, ya tambayi iyakar abin da take buƙata, ya ba ta wannan ya tsaya. Aikinsa na ƙarshe, Musik genom fyra sekler, wato kiɗan ƙarni huɗu, ya tattaro karin Suwidin na zamuna daban-daban ya tsara su ga ƴar ƙaramar ƙungiya. An ɗauke shi a 1968, ya fito a 1969, mai shi bai gan shi ba.

Ranar 9 ga Nuwamba 1968, yana kan hanyar zuwa wasa a wani coci a Jönköping, ya rasu a hatsarin mota a Sollentuna, kusa da Sitokholm, yana da shekara 37. Georg Riedel ne ya ƙarasa kiɗan shirin Pippi, ya kuma rayu har 2024. Ƴaƴan Johansson biyu, Anders da Jens, waɗanda ke ƙanana lokacin rasuwarsa, sun zama makaɗa a fagen kiɗan rok mai ƙarfi, Anders a kan ganga tare da HammerFall, Jens a kan kibod tare da Stratovarius. Su ne suka kafa kamfanin Heptagon suka sake fitar da fayafayan mahaifinsu. Makaɗan piyano na bayansa, irin su Jan Lundgren da marigayi Esbjörn Svensson, sun taso a ƙasar da ta riga ta yarda cewa jaz yana iya magana da lafazin gida.

Kammalawa

Hukuncin da wannan tarke ya kai gare shi shi ne, Jazz på svenska babban aiki ne wanda bai kamata a ɗauke shi madadin abin da ya samo asali daga gare shi ba. Fassara ce, kuma duk malamin da ke koyar da harshe biyu ya san cewa fassara mai kyau tana da farashi: wani abu yana ƙetare kogi, wani yana tsayawa a gaɓa. Abin da ya ɗaga wannan fassara shi ne mai yin ta ya ƙware a harshen da yake fassarawa zuwa gare shi, ya san inda zai kame hannunsa, ya kuma bar sunayen masu abin a rubuce.

Akwai wani sharaɗi da ya gabaci duk wannan, wanda ya kamata ƙungiyoyin al'adu su riƙe. Johansson ya sami abin zaɓe ne domin wasu mutane sun yi shekaru suna bin ƙauyuka, sannan aka buga abin da suka tara aka ajiye inda makaɗi zai iya miƙa hannu ya ɗauka. Tsakanin fitowar juzu'i na ƙarshe a 1940 da fitowar faifan a 1964 akwai shekara 24, kuma masu tattarawar ba su san wanda zai zo ba. Mu ma muna da sautukan da aka ɗauka aka adana a Yamai, a gidan rediyon ƙasa da cibiyoyi irin su IRSH da CELHTO. Darajarsu ga ƴan baya tana rataye ne a kan ko saurayi mai gita ko kibod zai iya zuwa ya saurare su, da kuma ko za a koya masa ya faɗi daga wa ya karɓa. Malamin da ke son nuna wa ɗalibansa wannan darasi yana iya sa musu "Visa från Utanmyra", sannan ya sa musu mai gogen Dalarna yana kaɗa polska, ya bar su su faɗi da bakinsu abin da ya ƙaru da abin da ya ragu.